Ma'aunin Albarushin Baba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa sai ya ce, "Wani ya kawo ruwa," alhali ni kaɗai ne a tsakar gidan. Maharbi ne irin na da, mai bindigar toka da burgami, wato jakar fatar da yake zuba kayan harbinsa. Ni kuwa boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, daga baya fatauci ya jefo ni Kuala Lumpur, ina saro yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ina aika wa 'yan kasuwar Kano. In na kira gida gaisuwa ce kawai: ya gajiya, ya ruwa, Allah ya yi albarka, sai ya miƙa wa Inna wayar. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Mutum ya tsufa, ido ya soma ba shi wahala, ni kuma ban san yadda muryarsa take a hira ba.

A benen da nake haya a Sri Petaling akwai wani dattijo ɗan asalin Sin, ƙofarmu tana kallon juna. Ankul nake ce masa, kamar yadda ake kiran kowane babba a nan. Wata rana da la'asar, ana irin ruwan nan na garin da ba ya sallama, na kai masa wani kwali da aka ajiye a ƙofata bisa kuskure. Na tarar da shi ya sa tabarau, ya duƙufa a kan wani ɗan mitsitsin sikeli, yana auna ganyen shayi, har da riƙe numfashi.

Na ce, "Haba Ankul, shayi ne ko zinare?"

Ya ce sikelin ba na shayi ba ne, na albarushi ne. Wai ya yi shekaru yana aiki a Ostireliya, can kuma mai lasisi yakan tsince kwanson harsashin da ya harba, ya koma gida ya sake ɗura shi da hannunsa. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru.

Kai, ranar na sha mamaki! Ni duk zatona in harsashi ya tashi, shi ke nan ya gama aiki. Na ja kujera ba a ce in zauna ba. Me ya sa mutum zai wahalar da kansa ga shago ana sayarwa? Ya ce don in ya samu, shi ya samu, in ya kuskure ba shi da wanda zai ɗora wa. Ba ya tsoron abin ya tashi da shi? Ya ce shi ya sa ba a zama kan teburin ana surutu, ba a zama da sigari, ba a zama da fushi. Sai ya nuna ni da cokalin shayi.

"Amma a nan, tak boleh lah, ba a yarda ba sam. Ko harsashi ɗaya aka gan ka da shi ba lasisi, gidan yari ne. Kai baƙo ma ya fi muni."

Shi kansa duk kayan ya sayar kafin ya dawo gida, sikelin kaɗai ya riƙe.

To ni Allah ya yi ni da naci. Abin ya shiga kaina ya zauna. A cikin jirgin ƙasa ina kallon bidiyon masu wannan sha'awa har in wuce tashata. In mun zauna da Ankul a mamak, wurin shan shayin unguwa, nakan yi ta tambaya har rotina, irin gurasarsu, ya huce. Ana nan sai wata tambaya ta tsaya mini a wuya: shi Baba da ba shi da sikeli, da me yake awo?

Na kira gida. Mun gama ya gajiya, ina jin yana laluben hannun Inna, sai na yi ta maza na ce, "Baba, a ɗan tsaya. Da me ake auna albarushi?"

Sai na ji ya mayar da wayar kunnensa.

"Wa ke tambaya?"

"Ni ne, Baba."

Wallahi sai da cajin wayarsu ya ƙare. Ashe mutumin nan yana da baki! Ya ba ni labarin wani guntun gora da ya gada wurin mahaifinsa, shi ne ma'auninsa, ya yi baƙi ƙirin da gumin hannu, ruwa bai taɓa taɓa shi ba. Ya ba ni labarin gadar da ya bari ta wuce don ya ga tana da ciki. Ya ce maharbin kirki ba ya ɗura bindiga yana magana, ba ya ɗurawa da fushi a ransa. Da na kai wa Ankul wannan, sai da ya buga teburi don murna. Daga nan na zama tafinta tsakanin tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Ankul ya ce awo da ido ganganci ne. Baba ya ce a faɗa wa mai sikeli, dabba ba ta jira a sa tabarau. Ni dai daɗi kamar ya kashe ni, duk mako ina da abin da zan kira Baba a kansa.

Abin da ban sani ba, don ban tashi a dawa ba, shi ne a wurin maharban garinmu ɗa ba ya tambayar ma'auni haka kawai. Ranar da ya tambaya, ya nemi gadon sana'a ke nan.

Akwai wata Hajiya da nake saro wa kaya, takan zo da kanta lokaci-lokaci, kuma ita ke riƙo mini kilishi da daddawa daga gida. Ana gobe za ta taso sai ga kiranta.

"Kai Alhaji, wane irin saƙo ne ƙanenka ya kawo mini daga wurin mahaifinku? Wata tsohuwar jakar fata ce, sai wari take kamar an ƙona ashana. Na dai cusa ta cikin kilishi."

Na ce ta buɗe. Ta ce ga wani guntun gora, ga ɗan tulu da baƙin gari, ga wasu ƙwayoyi masu nauyi kamar dalma.

"Hajiya, don girman Allah fitar da ita! Albarushi ne!"

Salatin da ta saka sai da na janye wayar daga kunnena. "So kuke a ɗaure ni a ƙasar mutane da tsufana? Ku da ubanku ba ku da tsoron Allah!" A ranar ta sa aka mayar da burgamin ƙauye.

Mayar wa maharbi burgaminsa kuwa, ƙin sa ne a gaban jama'a. Inna ta ce ya karɓa, ya tura shi ƙarƙashin gado, tuwon ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Na kira, muka koma ya gajiya, ya ruwa. Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan huce a kansa, har Ankul sai da ya sha harara ba laifinsa. Ran nan dai na cije na faɗa wa Baba komai. Na ce a ƙasar nan ba ni da bindiga, ba zan taɓa samu ba, da jakar ta iso da Hajiya tana kurkuku. Na ce, "Abin ya ba ni sha'awa ne, Baba. Kuma ni hirar nake so. Ban taɓa jin an yi mini magana mai tsawo haka ba."

Ya ce, "To." Ya miƙa wa Inna.

Na ɗauka ƙofar ta rufe ke nan, na yi baƙin ciki ƙwarai. Ko bidiyon na daina kallo.

Da Hajiya ta sake zuwa, bayan ta gama yi mini tsiya a gaban masu shagon yadi, sai ta zaro wani ɗan ƙulli a tsumma. Ta ce ta kwance ta duba, ta shinshina, ta ba mijinta ma ya shinshina. Guntun gorar ne. Amma ba baƙi ba ne yanzu, ya yi fari fat, sai ƙamshin sabulun wanki yake.

Inna ce ta ba ni labari. Baba da kansa ya zauna bakin rijiya ya wanke shi, ya goge da yashi, ya shanya, ya sake wankewa. Da yake hancinsa ya tsufa, sai ya riƙa kiran ƙanena ya shinshina masa ko da sauran wari. Abokansa maharba sun hana shi, don a wurinsu ma'aunin da ya sha ruwa ya mutu, ba ya sake komawa burgami. Ya ce ya sani.

Na kai wa Ankul. Da hannu biyu ya karɓa. Ya juya shi, ya leƙa cikinsa, sannan ya cika shi da ganyen shayi ya juye a sikeli don ya ga nauyin, shi ma naci gare shi. Muka dafa, na kira gida a nan inda nake zaune.

"Baba, ya iso."

"Ba su kama matar ba?"

"Lafiya lau ta shigo."

"To me za a auna da shi?"

Na ce, "Ganyen shayi, Baba."

Na jira in ji muryar Inna. Sai na ji dariya, irin ta tsoho mai haɗe da tari. Ya ce ko shayin ne kada a auna da fushi. Ya ce a tambayi mai sikeli nawa ya samu, don ya tabbata gorarsa ba ta ƙarya. Can baya na jiyo Inna tana cewa a ba ta wayar mu gaisa, cajin zai ƙare.

Baba ya ce, "Ki dakata mana. Ina magana da ɗana."