Sunan da Ba Mu Tsayar Ba

Na fara aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji a Gashuwa a shekarar da aka ce a kwashe duk abin da ke cikin durowar katuna a zuba a kwamfuta. Ni 'yar Nguru ce, a gidan yayata nake zama, sai ƙarshen mako in koma gida. An haɗa ni aiki da wani dattijo mutumin Katuzu, wanda yake tsara littattafan wurin tun ina firamare. Malam muke ce masa. Ba shi da yawan magana, kuma lokacin da na san shi ya riga ya fara ciwon ƙoda, ciwon da kusan kowace unguwa a garin an san gidan da ya shiga.

Aikinmu shi ne tsayar da suna. Idan marubuci ɗaya, ko jerin littattafai ɗaya, ya fito a katuna da rubutu iri-iri, sai mu zaɓi guda mu ɗaure sauran a jikinsa, don wanda ya nemi ɗaya ya ga duka.

Waɗanda suka fi ba mu wahala wasu ƙananan littattafai ne masu koren bango, a kan ruwa da kifi da noman rani na yankinmu, waɗanda wani shiri da ya daɗe da rufewa ya buga. Sunan jerin Ƙoramu da Fadamu. Tafiretar wancan lokacin ba ta da harafi mai lanƙwasa, don haka wani magatakarda ya buga K zalla, wani ya ƙara mata waƙafi a sama, wani kuma ya gyara da biro. Da aka zuba su, kwamfuta ta mai da na ƙarshen alamar tambaya, ta jera su a matsayin abubuwa daban-daban. Ɗalibi zai nema ya ga biyu, ya tafi yana zaton su ke nan.

Ni a ganina aikin safiya ɗaya ne. Malam ya yarda in haɗa waɗanda ke kan kantarmu, amma ya hana ni taɓa na bakwai zuwa sama. Waɗannan katunansu kawai muke da su. Littattafan an ba wani ɗakin karatu a Nguru aro tun da daɗewa, ba su dawo ba. Kuma a katunan nasu sunan ya ƙaru da kalma ɗaya, an ce Ƙoramu da Fadamu da Tafkuna. Ya ce ko dai jerin ne ya sake suna, ko kuwa wani ne dabam, kuma ba za a sani ba sai an buɗe shafin farko an gani da ido.

A Nguru ake yi masa wankin ƙoda. Ya ce duk ranar da ya je zai leƙa. Makonni suka wuce bai leƙa ba, domin idan ya fito daga kan injin ko takalmi da ƙyar yake iya sawa. Sai wata Alhamis na ce zan bi shi, tunda dama gida za ni.

Damina ta kankama. A tasha direba ya ba shi gaba saboda ƙafafunsa da suka kumbura, silifas ɗinsa ma an yanka bakinsu da reza. Likita ya taƙaita masa shan ruwa, sai dai ya jiƙa leɓe da bakin gora ya mayar da murfi. Har muka wuce Jajimaji yana kallon ciyawar kachala da ta cinye bakin ruwa.

A asibiti na jira shi ƙarƙashin bishiyar maina tare da masu jinya. Rabinsu mutanen Gashuwa ne, sai wata Bafulatana daga wajen Jakusko da ta kawo mijinta. Ana ta zancen abin da ke kawo ciwon: wannan ya ce ruwan rijiya ne, wancan ya ce maganin feshi ne, wani ya ce na kogi ne. Babu wanda ya sani, kuma babu wanda ya yi musu da wani.

Da ya fito na roƙe shi ya kwanta, ni in je ni kaɗai. Ya ce ai ni ban san bangonsu ba, sai da shi. Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa ɗakin karatun.

Maigadi ne ya buɗe mana. Ya ce ma'aikacin wurin ya yi ritaya, ba a turo wani ba. Rufin ɗakin baya ya yoye, warin funfuna da kashin jemage ya tare ƙofa. Na samo wa Malam kujera ya zauna, ni kuma na ɗaure mayafi a hanci na shiga tono. A kantar ƙasa na same su, sun manne da juna kamar tubali, gara ta bi ta cikinsu. Guda ɗaya ne ya yarda ya buɗu. Saman shafin, daidai inda ake rubuta sunan jerin, babu shi.

Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Na ce, "Malam, ai bangon iri ɗaya ne. Mu haɗa su kawai."

Ya ce, "Malama, ban gani ba."

Ya nemi iznin maigadi, ya zuba su a leda, ya ce zai shanya su a gida ya ɓamɓare a hankali.

Bayan wannan zuwansa ofis ya ragu. Idan ya zo, yakan kifa kai a kan tebur, in na yi motsi ya ɗago ya tambaye ni inda na kai. Daga baya aka mayar da shi gida Katuzu gaba ɗaya. Ana cikin yankan gero ya rasu.

Muka je ta'aziyya a bayan akori-kura, mu 'yan ofis. Da zan fito daga ɗakin mata, matarsa ta kira ni gefe ta miƙo mini ledar. Ta ce kullum da hantsi sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, ya zauna da wuƙar yanka kuɓewa yana raba takardun, har lokacin da hannunsa ya daina riƙe wuƙar. Ta ce ya yi ta faɗa mata kada a hura wuta da su, na mutane ne.

A mota na buɗe. Ya raba fiye da rabi, ya sa ƙyalle tsakanin shafi da shafi. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda sunan ya tsira a jikinsa.

Ranar Litinin na zauna gaban kwamfuta. Na bakwai zuwa sama na bar su inda suke, na rubuta a ƙasa cewa ba a ga sunan jerin a jikin littattafan ba. Shugaban sashenmu ya tambaye ni dalilin da ya sa har yanzu jerin ke fitowa kashi biyu, na faɗa masa, ya ce to, ya ci gaba da wayarsa.

Da na je gida ƙarshen mako, na ɗauki ledar don in mayar inda muka ɗauko ta, tunda a hannunsu muka karɓa. Na tarar an kwashe ɗakin baya, an cika shi da buhunan taki. Maigadi ya ce littattafan da suka jiƙe an fitar da su an ƙone, kuma shi ba shi da ikon karɓar komai. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci, sannan na juya.

Innata ta ce warinsu na sa ta tari. Na nannaɗe su a tsohon zane, na ɗora a saman katangar ɗakin ajiya, kusa da ƙwaryar daddawa.