Anti Basiratu, Sun Raba Abin Da Kika Hana

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran Anti Basiratu Andani, ƙanwar mahaifiyata, a asibiti a nan Tamale, bayan gajeren zazzaɓi. Da la'asar aka sallace ta, aka kai ta makwancinta.

Ni ce Fuseina. Kowa a gidanmu na Sabonjida ya san ba na iya ɗaga ido in yi magana a gaban manya. Shi ya sa na rubuta.

Anti, ke kaɗai ce ba kya ce mini, "Yi magana mana!" Sai ki zauna kina gyaran ganyen ayoyo na miya, ki bar ni har maganar ta fito da kanta. Da na gama firamare, ke kika ɗinka mini yunifom ɗin sabuwar makaranta, kika sa tela ya bar masa tsawo. Kika ce, "Wannan yarinyar kamar bishiyar dogon yaro take, kafin salla za ta cika shi." Har yanzu ban cika shi ba.

Aikinki yana unguwar Vittin, a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin Alhaji Issahaku, inda ake ɗura kafson taimakon narkar da abinci. Idan babu makaranta nakan hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, in kai miki tuwo. Kikan sa ni in wanke hannu, in zauna a kujerar bakin ƙofa in yi kallo. Kin gaya mini cewa garin da ke cikin kafson yana da ƙarfin narkar da abinci, amma zafi yana kashe ƙarfin, kuma ido ba ya gane mai ƙarfi da matacce. Sai an gwada. Kikan dama sitaci a ƙaramar kwalba, ki zuba garin, ki ajiye a ruwa mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum. Bayan ɗan lokaci ki ɗiga aidin. Idan ruwan ya yi shuɗi mai duhu, sitacin yana nan, kafson bai yi aikin komai ba. Idan bai yi shuɗi ba, sai ki yi murmushi ki ce, "Wannan ya ci abincinsa."

Wata rana a gida kika nuna mini da koko mai kauri wanda ya huce. Kika buɗe kafso ɗaya kika juya a ciki. Kafin mu gama cin ƙosai, kokon ya tsinke ya zama ruwa. Na yi ihu har kakarmu Mma Sala ta leƙo ta ce, "Ke ma ashe kina da murya?"

A watan Maris, lokacin da zafi ya fi tsanani, an bar wasu kaya a cikin kwantena a rana saboda sito ya cika. Ina wurin ranar da kika gwada su. Kwalba bayan kwalba, duk shuɗi. Kika sake daga farko, shuɗi. Kika ɗauki jan fenti kika fita, kika zana da'ira a gefen kowane katan. Alhaji ya zo ya same ki da buroshi a hannu. Kika ce masa, "Alhaji, waɗannan sun mutu. Wanda ya sha, gari kawai ya sha." Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Wallahi 'yata, yadda kika ce haka za a yi. Za a ƙone su."

Kin yarda da shi, Anti. A hanyar gida ina bayanki a kan babur, kina cewa, "Fuseina, kin gani? Har yanzu akwai masu tsoron Allah." Wannan maganar ita ce ta fi ci mini rai yanzu.

Ranar addu'ar bakwai, Alhaji ya kawo rumfa da kujeru da shinkafa. Sannan aka sauke katan-katan daga motarsa. Ya karɓi lasifika ya yi kuka, ya ce waɗannan su ne aikin hannunki na ƙarshe, ke kika gwada su, kuma ya ba da su sadaka domin ladan ya kai gare ki. Malamai suka sa masa albarka. Aka raba wa tsofaffi kwalba-kwalba. Mata suna karɓa da hannu biyu suna cewa, "Na Basiratu ne, ai babu shakka a kansa."

An aike ni in kwashe katan-katan da aka zazzage. Sabuwar takarda aka manna a gefen kowanne. Ɗaya ta ɗago da kusurwa, na ja ta. Da'irarki ce a ƙasa, har da inda fentin ya zuba.

Na gaya wa mahaifiyata a madafa. Ta riƙe mini hannu da ƙarfi ta ce, "Ki rufe bakinki. Mutumin da ya rufa mana asiri yau shi za ki tozarta? Ai ba guba ba ce." Kawu Ziblim kuma da ya ji, dariya ya yi, ya ce, "Yau likita ta zo gidanmu." Anti, 'yan'uwanki ne, ciki ɗaya.

Ba guba ba ce, gaskiya ne. Amma Mma Sala ta daɗe abinci ba ya narke mata sai da irin wannan kafso, kuma ke kike zaɓo mata mai kyau. Ta ajiye nata, ta koma shan na sadaka, wai don na 'yarta ne. Cikinta ya dawo da kumburi, ta rage cin tuwo, zanenta ya fara yi mata yawa. Ba ta zargi kafson ba. Cewa ta yi baƙin ciki ne.

Jiya da safe na kai mata koko a kofi biyu. Na zuba tsohon kafsonta a ɗaya, na sadaka a ɗayan, na zauna ina jira. Na farko ya tsinke. Na biyu, cokali ya tsaya a cikinsa. Mma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ita ta koya miki?" Na ce e. Ta ce, "To rubuta. Ni zan sa a karanta."

Don haka, duk wanda ya karɓi kwalba a gidanmu ranar bakwai, ina roƙonsa kada ya dogara da ita, kada ya ba mara lafiya. Anti Basiratu ta gwada su, gaskiya ne. Ta gwada ta hana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Sala, da mahaifiyata, da Kawu Ziblim, da sauran dangi na Sabonjida da Gurugu. Allah Ya ba mu haƙuri, ni ma Ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu ba ta sanyaya ba.

Ya Allah Ka jiƙan Anti Basiratu. Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba ta ladan duk cikin da ya samu sauƙi ta dalilin aikinta. Waɗancan katan-katan kuwa, ya Allah, Kai Ka ga hannun da ya shafa musu jan fenti, Ka ga hannun da ya rufe shi. Kada Ka rubuta su da sunanta. Amin.