Ƙwallon Da Ban Ga Shigarsa Ba

Wata Juma'a ce cikin watan Janairu, shekarar da na cika tara. Ina durƙushe a kan yashi kusa da wata 'yar bishiyar ƙaya, ina carafke ni kaɗai da duwatsun da na tsinto, sai na ji Baba ya kurma ihu. Tun da nake ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. Na zabura na waiwaya, zatona maciji ne. Sai na gan shi ya ɗaga sandar golf sama, hularsa a ƙasa, yana nuna wata tuta can nesa. "Uwata, ya shiga! Bugu ɗaya!" Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa gare ni.

A lokacin mu biyu ne kawai a wani ɗan gida a hawa na uku a unguwar Muntazah, a Doha. Mama ta koma Katsina jinyar kakata, tafiyar da aka ce ta wata biyu ta zama ta shekara. Baba injiniya ne, yana fita kafin motar makaranta ta zo, ya dawo ya dafa mana taliya da kifin gwangwani, mu ci kowa ya yi shiru. A makaranta ni kaɗai ce Bahaushiya a ajinmu. Idan aka fita tara sai in zauna a gindin katanga ina kallon yara suna wasanninsu da Larabcin da bai gama zama a bakina ba.

Likita ne ya ce Baba ya riƙa tafiya a ƙasa saboda hawan jini, shi ne ya sayi tsofaffin sandunan golf wurin wani da zai bar ƙasar. Abokansa suka sa shi gaba da tsiya, wai babban mutum da gemu yana bin ɗan ƙwallo cikin rana. Filin yana bayan gari, kusa da wasu ɗakunan shaƙatawa a bakin teku, kuma ko tsinken ciyawa babu a cikinsa. Kowa yana yawo da 'yar shimfiɗar ciyawar roba, ya ɗora ƙwallo a kai ya buga. Masu wasa suna zuwa huɗu-huɗu, suna raha. Baba shi kaɗai yake zagayawa, sai ni a bayansa ina jan ƙafa. Dokar wasan ita ce a yi tsit idan mutum zai buga. Ni kuwa shirun gida ma ya ishe ni, shi ya sa nake juya baya in nemi duwatsuna.

Ranar da gudu muka isa wurin tutar, Baba yana haki kamar wanda ya biyo mota. Ni na zura hannu cikin ramin na ciro ƙwallon, da ɗumin rana a jikinsa. A ofishin filin akwai wani allon katako da ake rubuta sunan duk wanda ya jefa ƙwallo a rami da bugu ɗaya. Na sha ganin Baba ya tsaya a gabansa yana karantawa, hannu a baya. Sai dai ba a rubuta suna sai da shaida. Dattijon da ke kula da ofishin, wani Ba'indiye mai farin gashi, ya saurari Baba da murmushi, ya ce ko yarinya ce ya yarda, in dai ta gani. Ya sunkuyo ya tambaye ni da Turanci a hankali ko na ga ƙwallon yana shiga.

Na dubi Baba. Bai ƙifta mini ido ba, ya kafa wa ƙasa ido. Na san abin da yake so, na kuma san ƙarya ce abin da ya hana ni yi tun ina koyon magana. Na ce ban gani ba, wasa nake yi. Dattijon ya miƙe, ya buɗe hannuwa, ya ba Baba haƙuri. Baba ya yi masa godiya, ya saya mini lemo mai sanyi, muka shiga mota. Har muka wuce gidajen unguwar Nu'aija ina kuka. Abin da ya ce kawai shi ne, "Khalas, ya wuce, Uwata, sha lemonki." Bai taɓa yi mini faɗa a kai ba, kuma ban taɓa jin ya ba kowa labarin ba, har Mama. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu ina aiki a Doha, ina zaune a unguwar Gharrafa, filayen golf duk sun zama kore shar, ana ba su ruwa safe da yamma. Baba ya yi ritaya ya koma Katsina, gwiwa ta hana shi ko zuwa masallaci sai da sanda. Bara da na je gida na same shi a zaure shi kaɗai, na yi ta maza na tayar da zancen. Can ya ce, "Wani lokaci sai in ga kamar mafarki na yi. Abin da ba wanda ya gani." Na ce masa ban ga shigarsa ba, amma da hannuna na ciro shi daga ramin. Ya ɗago ya dube ni, ashe wannan ya manta. "Ke kika ciro shi?" Na ce ni ce. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To ashe ya shiga."

Shekara ashirin da wani abu yana jiran shaida, ni kuma ina riƙe da rabinta ban sani ba.