Yadda Yaya Verna Ta Dawo Da Mijinta Gida

Yayata Verna Guidry ta tsufa tana girki a makarantar firamaren garinmu, kudu da birnin Lafayette, kuma muryar da take korar yara daga bakin tukunya da ita take zaman aure. Mijinta Alcide gyaran injin kwalekwale yake yi. Ban taɓa shiga gidansu na tarar ba a faɗa ba, ban kuma taɓa fitowa da yunwa ba.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, asibiti suka ce ba za su sallame shi ba sai mai ba iyalai shawara ta ga zamanmu. In ba ta gamsu ba, sai gidan tsofaffi. Mutum da gidansa da matarsa, wai sai an duba.

Verna ta tara mu a kicin, ni da 'yarta Noelie. "An ce har inda mutum ya zauna kallo suke yi. Ni zan riƙe hannunsa. Ke Noelie, murmushi. Ke kuma," ta nuna ni da ludayi, "ki kama bakinki."

Haka muka jeru a ofishin mai ba da shawarar, Malama Tran, kamar masu zaman makoki. Verna ta ce masa "masoyina", Alcide ya waiga ya ga ko wani ne ya shigo. Duk abin da malamar ta tambaya mu ce lafiya lau, ita kuwa fuskarta sai ƙara ɗaurewa take yi.

Can malamar ta ce wa Alcide, "Baba, tsayar min da kowa yadda yake tsayawa a gida."

Da hannunsa mai lafiya ya ja Noelie bayan kekensa na marasa lafiya. Ya tsayar da Verna a kansa, ya ɗaga hannunta, yatsa a miƙe. Ni kuwa ya tura ni bakin ƙofa, ya ce in rungumi kwanon abinci, wai kullum haka nake fita. Sharri ne, wani lokacin a leda nake ɗauka.

Verna ta daure, ta daure, sai ta ɓalle. "Tsohon banza, ni za ka tozarta? Gaya mata gishirin da likita ya hana ka, ka ɓoye a safa. Ka dawo gidan, miyar kuɓewarka lami za ka sha ta, wankan ma ni zan yi maka."

"Ni zan yi, Mama, bayanki ba zai ɗauka ba," in ji Noelie.

"Bayana ya ɗauke ki, shi ne zai gagare ni?"

Alcide ya ce, "Kin ji ko, Malama, jikina ake rabo ba a tambaye ni ba."

Na ce to girkin rana nawa ne. Su ukun suka haɗa baki suka ce a'a.

Malama Tran ta yi dariya har da share ido. "Yanzu na ga gidan. Ku dawo mu raba aikin, kafin bayan Mama ya karye."

Ranar Juma'a aka sallame shi. Yanzu tun daga titi kake jiyo su. Verna kuwa har yau rantsuwa take yi cewa riƙon hannun nan ne ya yi aiki.