Jan Fentin da Gu Genfa Ya Jira

Ranar da Gu Genfa ya karɓi makullin ɗakin, ruwa ake yi a Shanghai, irin yayyafin nan na watan shida da kan kwana goma bai ɗauke ba. Ginin ya girmi yaƙin Japan. Matakalarsa ta katako ce, madafa ɗaya ta iyali bakwai, ban ɗaki kuwa babu, sai fo da ake fita da shi kowace safiya.

Matarsa Pan Afeng ta ɗaga kai, ɗigon ruwa ya sauka a goshinta.

"Tsoho, shekara talatin kana gyaran kekunan mutane, abin da ka saya mana ke nan?"

"Ba ɗaki na saya ba, tsohuwa," in ji shi. "Rusau na saya."

Ba wauta ya yi ba. A lokacin, duk layin da hukuma ta shafa wa jan fenti a bango rushe shi ake yi, a ba mazaunansa sabon gida mai famfo da ban ɗaki. Layin gabas ya tafi, na yamma ya bi shi. Sai ya yi wa Afeng alkawari: damina biyu kacal, ta daina sauka da fo a hannu.

Don haka bai gyara komai ba. Mutumin da ke iya tayar da keken da kowa ya yar, ya ƙi buga ƙusa ɗaya a gidansa. Rufi ya yi yoyo, ya tara roba. Maƙwabcinsa na ƙasa, wanda ake kira Tsoho Ni, kan ɗago murya ya ce, "Gwani Gu, ruwanka ya iso miyata!"

"Yi haƙuri, yaya, saura ƙiris a rushe mu gaba ɗaya."

Da maƙwabta suka so cire tsoffin tagogi su sa na zamani, su kuma shafe tayil ɗin tsakar gida da siminti, Gu ya bi su ɗaki ɗaki yana hana su. Wa ke yi wa abin rushewa kwalliya?

A shekara ta goma sha ɗaya wasu ma'aikata suka zo da abin awo da na ɗaukar hoto. Gu ya saka rigarsa ta biki, ya dafa musu shayi. Shugabarsu ta shafa katakon matakala, ta ce duk unguwar wannan ginin ne kaɗai ba a ɓata ba, komai yana nan yadda aka gina shi.

"Aikin mijina ne," in ji Afeng. "Ku rubuta sunansa."

Bayan wata uku aka kafa allon tagulla a bakin ƙofa: ginin tarihi ne, ba a rushe shi, ko taga ba a sauyawa.

Yanzu shekarun Gu saba'in da huɗu. Suna nan a hawa na uku. Gwiwoyin Afeng sun daina ɗaukar matakala, shi ke fita da fon kowace safiya kafin 'yan yawon buɗe ido masu ɗaukar hoto su iso.