Maƙwabcina Mai Kiwon Zazzaɓi

Lokacin mulkin soja, sa'ad da kuɗin mai ya sa kowa ɗinka sabuwar riga, ina tela a Unguwar Rogo. Wani mutumin Filato, Kirista, ya kama haya jikin gidanmu. A ɗakin gwajin jini yake aiki, don haka muke ce masa Likita.

Wata rana yana zaune a shagona na tambaye shi ainihin aikinsa. Ya ce ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro suke kiwo cikin 'yan kwanonin gilashi, suna ciyar da su da jini. Sai su riƙa ɗiga musu kulorokwin kaɗan-kaɗan, waɗanda suka rayu a ƙara musu, har su daina jin maganin.

Na tsayar da keken ɗinki. "Likita, mi kaka nuhi? Ku ka koya ma cuta ta gagari magani?"

"Malam, so muke mu ga yadda take yi kafin ta yi a jikin mutane."

Daga ranar na fara lura da jakar da yake dawowa da ita. Na hana iyalina karɓar ruwan sanyi daga firjinsa.

Da damina ɗiyata ta kwanta. Ta shanye kulorokwin, jiki bai yi sanyi ba. Na same shi a ƙofar gida na ce, "Wanga zazzaɓi naku ne?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce nasu ba ya fita daga gilashi, kuma babu sauro ko ɗaya a ɗakin. Sannan ya tambaye ni ko ta yi amai bayan shan maganin. Ta yi, har sau biyu. Ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti, ya ɗebi jininta da kansa, ina tsaye a kansa ina bin hannunsa da ido. Aka yi mata allura, bayan kwana uku ta tashi.

Na je na yi masa godiya, ya amsa a taƙaice. Bai sake zama a shagona ba, ni ma ban kira shi ba. Bayan shekara aka yi masa canjin wurin aiki. Daga baya, da aka fara cewa kulorokwin ya daina aiki ko'ina, matata ta ce ashe gaskiya ya faɗa. Ni dai na ce mata ban sani ba.