Ranar da Alhaji Ya Share Taurari

Har gobe in na tuna wata Laraba a shagonmu na hoto da ke unguwar Nasarawa, sai raina ya ɓaci. Ni ne mai gyara a kwamfuta, kuma dokar maigidana Alhaji Bello ɗaya ce: hoto ba ya fita sai an goge ƙuraje da duk wani ɗigo.

Malama Hadiza, mai koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Argungu, ta kawo hoto a filashin kwamfuta, a buga mata. Curin tsofaffin taurari ne, dubbai a dunƙule kamar dawo, irin waɗanda ke can gefen babban garken taurarin da ranarmu take ciki. Washegari ɗalibanta za su shiga gasa, su nuna yadda taurarin suka cushe a tsakiya, suna raguwa zuwa baki. Ta ce, "Don Allah kada a taɓa komi."

Babbar takarda biyu ta rage mana. Na buga ɗaya, ta yi kyau. Sai ga Alhaji.

"Wanga mi na? Ƙura ta ko kashin ƙuda?"

"Taurari na, Alhaji."

"Ni za ka koya ma hoto? Yage shi, kada ka ɓata min suna!"

Na yi bayani har bakina ya bushe, a banza. Ya ture ni daga kujera, ya bi taurarin gefe ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, ya shafe tsakiyar ta yi sumul kamar ƙwai, ya buga a takardar ƙarshe. Ina tsaye, takaici kamar ya kashe ni.

Da la'asar Malama ta dawo. Ta duba, ta ce: "Ina taurarin sunka tai? Mi yarana za su nuna gobe?"

Alhaji ya fara kame-kame. Ni kuwa na miƙa hannu bayan kabad, na zaro na farkon, don ban yage shi ba, naɗe shi na yi. Ta buɗe, ta yi ajiyar zuciya.

Ko kunya babu, Alhaji ya ce, "Ai ni nac ce a aje shi."

Ku da kuka shigo sana'ar nan, hannunmu ya saba da gogewa har ba ma tambaya. Ku tambayi mai hoto tukuna, don ɗigon da ya tsone muku ido, wataƙila shi ya kawo shi shagon.